Kwanar Zinariya

Shekara talatin da ɗaya Tabitha ta yi tana rarraba wasiƙu a gidan waya na Katsina, shi ya sa ko bayan ta yi ritaya ba ta iya jin sunan wuri ta bar shi ya wuce haka nan. A zamanin aikinta ta sha karɓar ambulan da aka rubuta wa "Malam Wane, kusa da kuka mai rami", kuma sai ta gano mai ita. 'Yar Zonkwa ce. Ta zo Katsina tana amarya, ta haifi 'ya'ya uku a gidan haya a bayan Ƙofar Ƙaura, har mutane suka manta sunanta suka koma kiranta Maman Peace. Bana ne ita da mijinta Gideon, tsohon malamin lissafi, suka gama nasu ginin suka tare, can bayan gari a kan hanyar Dutsin-Ma, inda gidaje ke ta cin gonaki suna tunkarar Batagarawa.

A takardar fili, sunan unguwar Rukuni na Huɗu. Ranar farko da ta tsayar da mai keke napep a Ƙofar Kwaya ta gaya masa haka, sai ya tsaya yana kallonta. Ta shiga yi masa kwatance: a wuce gidan mai na biyu, a bar wani dogon katanga mai ruwan ɗorawa, a yanki hagu wajen masu buga bulo.

"Haba Mama, ai sai ki ce Kwanar Zinariya. Shiga mu tahi."

"Wace ce Zinariya?"

"Wallahi haka na taso na ji ana cewa."

Da ya sauke ta, ta tsaya ta ƙare wa kwanar kallo. Shagon kayan masarufi ɗaya, rumfar mai faci da injin iskarsa yana ta ruri, masu bulo sun jera aikinsu yana shan rana, sai tankin rijiyar burtsatse a kan ƙarafa. Babu allo, babu gidan da aka rubuta wa suna, babu komai da za a ce shi ne dalili.

Ta fara da Hadi, mai shagon, domin a wurinsa take sayen magi da sabulu. Hadi ya waiga hagu da dama kafin ya yi magana, kamar mai gudun a ji.

"Ba mutum ba ce, Mama. Zinariya ce ta gaske. Wani ya zo haƙa masai a nan, kafin a yanka filaye, ya ci karo da tulu cike da ita. Washegari aka neme shi aka rasa. An ce yanzu yana Dubai."

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani."

Masu bulo kuwa suka ce saniya ce. Wai wani Bafulatani ke kiwo a wurin, yana da farar saniya mai suna Zinariya, ta faɗa ramin da ake ɗibar ƙasa, aka kwana biyu ana fama kafin a fito da ita. Ɗayansu ya musa, ya ce tifa ce mai ɗaukar yashi, an rubuta sunan a goshinta. Suka kaure da gardama har suka manta da wadda ta yi tambayar.

A gida ta tarar da Gideon a bayan ɗaki yana ɗaure tumatirinsa a jikin karare. Ta zayyana masa duk abin da ta ji.

"Maman Peace," in ji shi, bai ko ɗago ba, "kin fa yi ritaya. Ba wanda ya aiko wa matar nan da wasiƙa."

"To ka yarda mace ce ke nan."

"Ban yarda da komai ba. Miƙo mini igiyar can."

Abin bai bar ta ba. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada ta tambayi matan zumunta waɗanda suka riga ta zama a yankin, babu wadda ta sani. Wata ta ce ita ta ɗauka sunan otal ne da aka rushe. Tabitha ta dawo tana jin irin abin da takan ji a da, idan wasiƙa ta kwana a tebur ɗinta ba a san mai ita ba.

Maƙwabciyarta ta jikin katanga ita ce Hajiya Rahinatu, wadda ta yi shekaru tana shugabantar makarantar 'yan mata kafin ita ma ta ajiye aiki. Gidansu na asali a Ƙofar 'Yandaka yake, kuma ba ta gajiya da faɗin cewa babu lungun da ba ta sani ba a cikin birni. Sun saba ne tun ranar da ruwan sama ya taru a ƙofar gidajensu, suka fito kowa da shebur. Ran nan da yamma Tabitha ta kai mata tumatir a kwano, bayan sun gaisa ta jefa mata tambayar.

Hajiya ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rufe. Ta gyara zaman tabaranta.

"Kin san ban taɓa tambaya ba? Shekara huɗu ina cewa a kawo mani gas Kwanar Zinariya." Ta girgiza kai. "A'a, wannan abin kunya ne. Kakan kakana a cikin ganuwa aka haife shi, a ce ban san sunan ƙofar gidana ba?"

Nan take ta ɗauko waya ta kira dillalin da ya sayar masu da filayen. Shi ma bai sani ba, amma ya ce duk gefen nan, daga titi har zuwa fadama, gonar gado ce ta wasu mutanen Ƙofar Marusa, kuma wanda ya sa hannu a madadinsu wani Malam Ummaru ne mai wankin hula. In yana raye, shi zai sani.

"Talata kina da abin yi?" in ji Hajiya.

"Ni da na yi ritaya?"

Ranar Talata aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara. Suka shiga tsohuwar Fijo ɗin Hajiya, wadda sai an ɗaga ƙofarta sama kafin ta rufu. Suka bi ta Ƙofar Kwaya, suka kewaya ta Ƙofar Ƙaura inda Tabitha ta nuna mata tsohon layinsu, suka gangara Ƙofar Marusa. A nan mota ta ƙi shiga lungu, suka ajiye ta gaban wani kanti suka taka da ƙafa, suna tsallake ruwan da ke bin tsakiyar hanya. Mutum biyu kawai suka tambaya. Tun daga nesa suka hango huluna jere a kan katakai a bakin wani zaure, an fito da su suna jiran rana.

Malam Ummaru dattijo ne siriri, gemunsa fari fat, yana zaune a kan buzu yana goge wata hula da ɗan buroshi. Hajiya ta yi sallama, suka durƙusa daga gefe. Aka gaisa, aka tambayi kwana, aka tambayi gajiya, iyali, ruwa, da damina. Ya tambayi gidan su Hajiya, da ta faɗa sai ya ce ai ya wanke wa mahaifinta hula. Aka sake sabuwar gaisuwa. Sai bayan duk wannan Hajiya ta ce ga abin da ya kawo su, kuma ga mai tambayar, maƙwabciyarta.

Tabitha ta ba shi labarin tulu, da saniya, da tifa. Tun tana kan tulu dattijon ya ajiye buroshi, da ta kai kan saniya kuwa sai dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Saniya! Wallahi sai na gaya mata." Ya goge ido. Sannan ya janye ƙafar wandonsa ta dama har gwiwa, ya nuna ƙwaurinsa. "Ku duba nan. Kun ga wani abu?"

Suka duba. Ƙafa ce miƙaƙƙiya, ba tabo.

"To gida biyu ta karye. Amalanken shanu ya bi ta kai ina da shekara ashirin. Aikin Zinariya ne. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce mahaifinsu maɗori ne, shi ma a wurin nasa uban ya gada. Ya haifi maza huɗu, amma duk cikinsu babu mai iya tsayawa a ja ƙashi a gabansa. Shi kansa Ummaru, da ya ji ƙara sai ya tsallake katanga. Zinariya ce tun tana 'yar shekara goma take riƙe ƙafar majinyaci, tana fere kara, tana kallon hannun tsohon. Da ya rasu, mutane ba su daina zuwa ba, ita kuma ba ta iya cewa su koma.

"To mi ya kai ta gona?" in ji Hajiya.

"Kun ga lungun ga da kuka biyo. Mota ba ta shiga. A kan ƙyaure ake ɗauko mutum tun daga titi, kowane taku yana ihu. Sai ta ce a ba ta gefen gonarmu na bakin hanya." Ya ɗauki buroshinsa. "Sauran ku ji daga bakinta, kar in rage mata. Tana Batagarawa wurin ɗiyarta Hajo, bayan kasuwa. Gidan da zogale ya leƙo ta kan katanga."

Tabitha kuwa duk a zatonta labarin mamaciya take bi.

"Tana raye?"

"Ta hi ni lahiya."

A mota Hajiya ta duba agogo, sha ɗaya da rabi. Suka koma ta hanyar da suka fito, suka wuce kwanar unguwarsu ba su tsaya ba, suka miƙe. Gero ya yi kai a gonakin da suka rage tsakanin gine-gine, ɗalibai na tsaye a bakin titi suna jiran mota. Ba a yi minti ashirin ba suka shiga Batagarawa.

Hajo ce ta tarbe su, mace mai jiki da fara'a, ta shimfiɗa masu tabarma a inuwar rumfa. Can gefe wata 'yar tsohuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugune, tana zage ganyen zogale a faifai. Ƙarama ce ƙwarai, kamar iska za ta ɗauke ta. Amma da Tabitha ta kai ido kan hannayenta sai ta kasa ɗaukewa: manya ne, masu faɗi, yatsun kamar na magini, suna ɗan rawa idan ta ɗaga su.

Ba ta bari sun faɗi abin da ya kawo su ba. Bayan gaisuwa ita ta fara tambaya. Ta gane gidan su Hajiya da jin sunan unguwa. Sannan ta juyo.

"Ke kuma Hausarki ba ta nan ba ce. 'Yar ina ce?"

"Zonkwa, Baba. Kudancin Kaduna."

"Can inda ake cin acca? Na taɓa ɗora wani fasto na wajenku, babur ya kada shi. Mutumin kirki, amma raki gare shi. Da gaske ne duwatsunku har gajimare ke sauka a kansu?"

"Wajen Kagoro, da damina, ana gani."

"Ikon Allah. To mi ya karye?"

"Babu abin da ya karye, Baba. Sunanki muka biyo."

Tabitha ta yi mata bayani tun daga mai keke napep. Tsohuwar ta daina zagar ganyen. Ta dubi Hajo, ta dubi Hajiya, kamar tana neman wadda za ta fara dariya.

"Wasa kuke. Shekara ashirin da ɗoriya rabona da wurin nan. Wa ya san ni?"

"Ba su san ki ba," in ji Tabitha. "Sunan suka sani."

Sai tsohuwar ta ba su labari, ba tare da ta kalle su ba. Ta ce shekarar da aka ba Katsina jiha ta kafa rumfa a gefen gonar, ta kara da zana, daga baya aka yi mata ɗaki biyu na ƙasa, ɗaya na maza ɗaya na mata. Kullum da safe takan hau motar Dutsin-Ma daga birni, ta dawo da la'asar, Hajo na goye ko tana biye. Direbobi suka saba, da an ga wani an naɗe masa hannu da tsumma ba sai ya faɗa ba, a nan za a tsaya. Karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, duk tana yi, da kara da man shanu da addu'ar da tsohonta ya koya mata. Amma in ƙashi ya huda fata, ko ƙafa ta fara sauya launi, ba ta taɓawa. Asibiti take turawa, ko da za a yi fushi da ita.

"Har wani likita yakan aiko mani da waɗanda suka ƙi yarda da filasta. Ba mu taɓa haɗuwa ba, sai dai saƙon gaisuwa."

"Mi ya sa kika bari?" in ji Hajiya.

Ta ɗaga hannayenta, suna rawa. "Waɗannan suka fara. Ranar da na ja hannun wani yaro na ji ban tabbata ba, ranar na ce ya isa. Ana nan kuma aka zo yanka filaye, 'yan'uwa suka ce a sayar. Ban hana ba." Ta ture faifan gefe. "Hajo, ɗauko mani mayafina."

"Inna, ina za ki?"

"In ga wurin da ake kira da sunana."

"Ba ki ci abinci ba, ga azahar ta kusa."

"To mu yi salla mu ci, sannan ki ɗauko."

Haka aka yi. Hajo ta haɗa masu kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, Tabitha ta ci har ta ji kunya. Ƙarfe biyu da rabi suka kamo hanya, tsohuwa a gaba ta riƙe jikin ƙofa da hannu biyu, Tabitha da Hajo a baya.

Da Hajiya ta tsaya a kwanar, Zinariya ta fito ta tsaya a bakin titi. Ta daɗe tana juyawa. Ta tambayi ina gawon da ke gabas, aka ce ba a san shi ba. Ta tambayi tsamiya biyu masu haɗe da kai, Hadi da ya fito daga shago ya ce shi tun zuwansa bai ga tsamiya ba. Benaye, katangu masu waya a kai, faranti na tauraron ɗan'adam a kan kowane rufi. Tabitha ta ga fuskar tsohuwar ta sauya, sai ta fara da-na-sanin kawo ta.

"Ba nan ba ne," in ji Zinariya a hankali. "Kun yi kuskure."

Ta juya za ta koma mota, sai ta tsaya tana kallon ƙasa. Ruwan safe bai gama wucewa ba, yana bin gefen titi siriri, ya karya ta gaban rumfar mai faci, ya gangara.

"Tsaya. Ruwan ga na san shi. Ta bayan ɗakin mata yake bi ya tahi fadama."

Ta bi shi, tana dogare da hannun Hajo, su kuma suna biye. Ruwan ya wuce rumfar, ya kewaya ta gefen shagon Hadi. A nan ta ja ta tsaya. A ƙofar shagon akwai wani faffaɗan dutse baƙi, mai ɗan kwari a tsakiya, wanda masu sayayya ke takawa su shiga. Tabitha ta taka shi ya fi sau hamsin.

"Yaro, ina ka samo wannan?"

Hadi ya sosa ƙeya. "A nan na haƙo shi, Baba, lokacin da nake tushen shago. Da na ji shebur ya daki abu, na ɗauka..." Bai ƙarasa ba. Masu bulo da suka matso suka fashe da dariya.

Zinariya ta durƙusa da ƙyar, ta shafa kwarin dutsen da tafin hannu. "A kan ga nake ɗora diddige in ja. Tsohona ya bar mani shi. Mutum huɗu suka ɗauko shi daga birni." Ta miƙe. "To nan ne. Ka bar shi inda yake, yana da amfani."

Ana cikin haka injin iska ya yi shiru. Bashir mai faci, mutum mai furfura wanda Tabitha ba ta taɓa jin muryarsa ba sai dai ya ɗaga hannu in an gaishe shi, ya taho yana goge hannu a riga. Ya tsaya ya ƙura wa tsohuwar ido, sai ya zube ƙasa.

"Inna Zinariya! Ashe kina duniya?"

"Wane ne?"

"Bashir ne, na Tsagero. Kwandastan motar Dutsin-Ma. Taya ta faɗo mani a kafaɗa, na yi kwana arba'in a ɗakinki."

"Kai ne mai satar mani gyaɗa a gona?"

"Ni ne, Inna."

Tabitha ta riƙe baki. "Malam Bashir, dama ka sani? Wata guda ina yawo ina tambaya!"

"Ai ba ki tambaye ni ba, Mama."

Hajiya ta yi dariya har ta jingina da mota. Ita kuwa Zinariya ba ta gamsu ba sai da ta sa aka tsayar da wani mai keke napep da ke wucewa, saurayi da abin jin waƙa a kunne. Ta tambaye shi da kanta sunan wurin. Ya faɗa. Ta ce wace ce haka? Ya ce an ce wata hajiya ce mai kuɗin gaske, duk gidajen nan nata ne.

"Allah ya amsa bakinka," in ji ta, ta sallame shi.

Tabitha ta roƙe ta ta shiga gidanta ko ruwa ta sha. Ta shiga, kuma babu inda ba ta leƙa ba. Ta taɓa tayil ɗin bango, ta buɗe famfon kicin ta rufe, ta tsaya gaban hoton bikin Peace ta tambayi kowa da ke ciki. Ta sa aka nuna mata acca ɗanya, ta murza a yatsa, ta ce yashi ne wannan, sai da Tabitha ta yi alkawarin dafa mata. Gideon ya shigo daga lambu ya gaishe ta, ya ɗauko buta zai zuba mata ruwa. Ta bi hannunsa da kallo.

"Malam, kafaɗar ga ta hagu ta taɓa gocewa."

Ya tsaya da butar a hannu. "A filin ƙwallo, ina kwalejin malamai. Shekara arba'in da biyar ke nan."

"Wanda ya mayar da ita ya yi sauri."

Gideon ya dubi matarsa, ya ja kujera ya zauna, kuma shi ya fi kowa tambaya daga nan. Da aka kira la'asar Tabitha ta ɗauko sabuwar tabarma, Gideon ya leƙa ta taga ya duba inda masallacin layi ya fuskanta ya nuna masu, su biyu suka koma tsakar gida har baƙin suka idar.

A hanyar mayar da su ne tsohuwar ta yi maganar da ta tsaya wa Tabitha a rai. Tana kallon titi ta shiga lissafa garuruwan da aka riƙa kawo mata mutane: Jibiya, Kaita, Rimi, Mani, Caranci, har Maraɗi. Ta san sunan masu garin wasu, ta san ranar kasuwarsu, ta san inda hanya ke da rami, duk daga bakin majinyata.

"Amma ko ɗaya ban taɓa zuwa ba. Daga birni sai gona, daga gona sai Batagarawa. Wasu masunta na dam ɗin Ajiwa sun ce mani ruwansu in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka gane mutum a waccan. Na ce ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne," in ji Hajiya. "Na kai ɗalibai sau biyu."

"To."

Hajiya ta dubi Tabitha ta madubi.

Asabar ta uku bayan nan suka kai ta Ajiwa. Hajo ta so ta hana, ta ce sanyin ruwa zai tayar wa tsohuwa da ciwon gwiwa, daga baya ta shirya ta biyo su da wata jikar Zinariya. Tabitha ta dafo gwaten acca a kula. Fijo ta mutu sau ɗaya a hanya, wasu manoma suka tura.

Dam ɗin ya cika ya batse saboda damina. Zinariya ta fito ta tsaya a kan gaɓa, mayafinta na kaɗawa, ta kare ido da hannu. Can nesa wani kwalekwale na tafe, mutum biyu a ciki kamar ƙudaje.

"Ashe bayin Allah gaskiya suka faɗa," in ji ta. "Na riƙe su da ƙarya shekara talatin."

Ta ce a kai ta bakin ruwan. Tabitha ta kama hannu ɗaya, Hajo ɗaya, suka gangara a hankali. Ta tuɓe takalmi ta tsoma ƙafa har idon sawu, ta ja numfashi saboda sanyi, amma ba ta fitar ba. Wani mai kamun kifi da ke gyara koma a kusa ya ce mata ta yi hankali da santsi. Ta tambaye shi zurfin tsakiya, da inda ruwan ke fitowa, da ko kifin na barci. Ya amsa biyu, na ukun ya ce bai sani ba.

Suka zauna a inuwar wata bishiyar bedi, aka sayo soyayyen kifi a takarda, aka buɗe kula. Zinariya ta ɗanɗana gwaten, ta tauna a hankali, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Sannan ta miƙo kwanonta a ƙara mata.